Farauta a gandun namun daji na gaɓar teku a Amurka: jagora mataki-mataki, da misalin Blackwater

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san gandun daji wuri ne da ba a shiga da makami. A Yankari, in aka kama ka da bindiga, sai kotu. A Amurka tsarin daban ne. Gwamnatin tarayya tana da gandun namun daji fiye da 570 a ƙarƙashin hukumar kula da kifaye da namun daji, wadda ake kira Fish and Wildlife Service, kuma a ɗaruruwa daga cikinsu an yarda a yi farauta. Dokar da aka yi a 1997 ma ta sa farauta cikin abubuwa shida da ake bai wa fifiko a waɗannan wurare, tare da kamun kifi, kallon dabbobi, ɗaukar hoto, ilmantarwa da bayani ga maziyarta.

Sai dai akwai ƙa'ida guda da komai ya rataya a kanta: gandun a rufe yake ga kowane irin aiki, sai abin da aka buɗe a rubuce. Ba a cewa "ai ban ga an hana ba". Abin tambaya shi ne, ina aka rubuta an yarda? Dabbar da ba a ambata ba, ranar da ba a ambata ba, yankin da ba a shata a taswira ba, duk haramun ne.

Zan yi misali da Blackwater, gandun da ke jihar Maryland a gabashin mashigin tekun Chesapeake, don 'yan'uwanmu da ke zaune a Baltimore, Washington da kewaye suna iya isa can cikin kamar awa biyu a mota. An kafa shi a 1933 domin tsuntsayen ruwa masu ƙaura, yana da faɗin fiye da eka 30,000, kuma yana da nisan mil 12 kudu da garin Cambridge. Yawancinsa fadama ce mai ruwan gishiri-gishiri, da dazuzzukan itacen fayin a tsakani. Wanda ke Texas ko Florida ko New Jersey zai tarar dokokin tarayya iri ɗaya ne. Na jiha ne za su sauya.

Mataki na farko: tabbatar kana da ikon riƙe bindiga

Wannan shi ne matakin da jagororin Turawa ba sa tsayawa a kansa, alhali gare mu shi ya fi kowanne nauyi. Ɗan ƙasa da mai girin kad, wato katin zama na dindindin, suna da ikon mallakar bindigar farauta, muddin ba a taɓa yanke musu hukunci kan babban laifi ko kan cin zarafin iyali da duka ba. Wanda ba shi da takardun zama kuwa, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi, ko da na aro ne, ko da na minti biyar ne don a ɗauki hoto.

A tsakiya akwai masu bizar wucin gadi: ɗalibai, masu bizar aiki, masu ziyara. Su ma asali an hana su, amma dokar ta bar ƙofa: idan mutum yana riƙe da lasisin farauta mai aiki wanda wata jiha ta bayar, hanin ya ɗage. Ma'ana, lasisi ne ke gaba, bindiga a baya. Kuma ranar da lasisin ya ƙare, kariyar ta ƙare tare da shi, ko da bindigar tana kulle a ɗaki. Lasisin Maryland yana ƙarewa ne ranar 31 ga Yuli, don haka mai irin wannan biza ya sabunta kafin ranar, ba sai kaka ta shigo ba. Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne, laifin da ya shafi bindiga yana cikin laifukan da ake korar baƙo daga ƙasar a kansu, har mai girin kad. Duk wanda takardunsa ke da wata sarƙaƙiya ya ga lauyan shige da fice tukuna.

Akwai hanyar da ta fi sauƙi ga mai farawa: kwari da baka. Dokar tarayya ba ta ɗauke su a matsayin bindiga ba, Maryland ta yarda da bakan zamani har da mai kunama irin ta bindiga, kuma lokacin farautar barewa da baka ya fi kowanne tsawo.

Mataki na biyu: kwas ɗin mafarauta da lasisin jiha

Maryland ba ta sayar wa sabon mafarauci cikakken lasisi sai ya nuna shaidar kwas ɗin kiyaye haɗari. Ana iya yin karatun ta intanet, sannan a halarci yini guda na gwaji a fili. Shaidar da aka samu a wata jiha tana aiki. Guraben yinin gwajin kan cika idan kaka ta matso, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka a gama wannan tun watan Yuni ko Yuli.

Daga nan sai lasisi, wanda ake saya a shafin ma'aikatar albarkatun ƙasa ta jihar. Kuɗin mazaunin jiha daban, na baƙo daban, kuma na baƙo ya fi tsada nesa ba kusa ba. Kada tsadar ta sa mazaunin Virginia ko New York ya rubuta adireshin ɗan'uwansa na Baltimore. Wannan laifi ne mai zaman kansa, kuma yana ɓata lasisin gaba ɗaya. A kan lasisin ana ƙara kan sarki gwargwadon abin da za a yi: na baka, na bindiga mai ɗuri, na wata ƙaramar barewa da ake kira sika, na tsuntsaye masu ƙaura. Mai farautar tsuntsaye kuma dole ya shiga rajistar ƙidayar abin da ake harbewa, wadda ake kira HIP. 'Yan tambayoyi ne ake amsawa lokacin sayen kan sarkin jiha.

Mataki na uku: kan sarkin agwagwa na tarayya

Wannan na masu harbin agwagwa da dinya ne kawai, daga shekara 16 zuwa sama. Sunansa Duck Stamp, kuɗinsa dala 25, yana aiki daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Yunin shekara mai zuwa. Idan na takarda ka saya a gidan waya, sai ka sa hannu da biro a kan fuskarsa, in ba haka ba kamar ba ka da shi ne. Ana kuma sayen na wayar hannu. An fara shi a 1934 a kan dala ɗaya, kuma kashi 98 cikin ɗari na kuɗin yana tafiya ne wajen saye da kare fadamu. Ko ba ka farauta, yana shigar da kai kyauta duk gandun tarayya da ake biyan kuɗin shiga.

Mataki na huɗu: izinin gandun da takardar dokokinsa

Lasisin jiha shi kaɗai ba ya shigar da kai. Blackwater tana da nata izini, ana sayensa a shafin Recreation.gov, kuma kowace irin farauta da nata: barewa da baka, barewa da bindiga mai ɗuri, barewa da shotgan (irin bindigar da aka saba harbin tsuntsaye da ita), talotalo a lokacin bazara, tsuntsayen ruwa. Wasu ranaku adadin mafarauta ƙayyadadde ne, wanda ya riga shi ya samu. A wasu gandun ma ƙuri'a ake yi.

Tare da izinin akwai takardar dokoki da taswira ta wannan shekarar. Ita ce ainihin littafinka. Ka buga ta a takarda, ka kuma ajiye ta a waya, don sabis ba abin dogaro ba ne a fadama. Kada ka yi aiki da ta bara, kada kuma ka yi aiki da abin da aboki ya faɗa maka, don kowace shekara ana sauya ranaku da iyakoki.

Yadda ake karanta ta: dokoki hawa uku ne a kanka, na tarayya, na jiha, na gandun. Idan suka saɓa, wadda ta fi tsauri ita ke aiki. Misali, jihar Maryland tana buɗe farautar barewa da baka a farkon Satumba, ta buɗe ta bindiga ranar Asabar ɗin da ke bin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba. Wannan bai nuna gandun a buɗe yake duk waɗannan ranaku ba. Yana iya zaɓar kaɗan daga ciki. Haka nan ranar Lahadi tana da ƙa'idarta daban a Maryland, ya danganta da gunduma da irin dabba. Ita ce ranar da yawancinmu ke hutu, ita ce kuma ranar da ta fi saurin jefa mutum cikin laifi, don haka a duba ta musamman.

Ka nemi amsar waɗannan a takardar kafin ka rufe ta: ƙarfe nawa aka yarda a shiga, ƙarfe nawa dole a fita, ina ake ajiye mota, wane makami da wane harsashi, dabba nawa, mace ko namiji, kuma wace rana aka ware don zuwa duba wuri ba da makami ba.

Abin da aka saba a gida wanda a can laifi ne

A nan ya kamata a ɗan dakata, domin kusan duk dabarun da farautar gargajiya ta ginu a kansu an haramta su a gandun tarayya. Fita cikin ayari da karnuka a kora dabba zuwa bakin masu jira: Maryland ta hana farautar barewa da kare, kuma gandun da yawa sun hana korar taron dangi ko da babu kare. Cinna wa ciyawa wuta don dabba ta fito: babban laifi. Fita da dare da fitilar goshi: haska dabba da fitila kaɗai, ko ba ka harba ba, ya isa a kama ka. Ɗana tarko ba tare da izini na musamman ba: haramun. Shafa dafi ko wani magani a kan kibiya: an ambace shi ƙarara a dokar tarayya cewa ba a yi.

Zuba masara, gishiri ko wani abinci don jan dabba shi ma an hana a gandun, ko da jihar ta yarda da shi a gonar mutum. Ga tsuntsaye masu ƙaura abin ya fi tsanani: wurin da aka zuba hatsi ana ɗaukarsa haramtacce har kwana 10 bayan an kwashe hatsin kaf. Idan ka iso inda za ka zauna ka ga ƙwayar masara a cikin ruwa, tashi ka bar wurin, ka kuma sanar da ofis.

Sauran hane-hanen a taƙaice: ba a kafa ƙusa ko waya ko dunƙulen ƙarfe a jikin bishiya don ɗaura kujerar hawa, ba a sare reshe ko yanke ciyawa don buɗe hanya, ba a riƙe giya yayin farauta, ba a tashi da jirgi marar matuƙi, ba a shiga da babur mai ƙafa huɗu sai mai izinin naƙasa, ba a kwana. Ba a kuma ɗaukar komai. Gashin gaggafa da ka tsinta a ƙasa, mallakarsa laifi ne a dokar 1940, kuma Blackwater na cikin wuraren da gaggafa mai farin kai ta fi yawan sheƙa a gabashin Amurka, don haka za ka gan shi. Tsofaffin kayan tarihi ma haka. Wannan yanki shi ne mahaifar Harriet Tubman, wadda ta kuɓuta daga bauta ta riƙa komawa tana fitar da wasu, kuma a 2021 masu tono suka gano kufan gidan mahaifinta, Ben Ross, a filin da gandun ya saya shekara guda kafin nan. Fasasshen tangaran ko tsohuwar kwalba da ka gani, bar su inda suke.

Mataki na biyar: makami, harsashi da sutura

Ga agwagwa da dinya, shotgan ce kawai, kuma dole a toshe ma'ajinta yadda ba za ta ɗauki harsashi fiye da uku ba. Jami'i yakan gwada da hannunsa. Harsashin dalma an haramta shi ga tsuntsayen ruwa a duk faɗin ƙasar tun 1991, saboda agwagi na haɗiye ƙwayoyin da suka nutse a laka su mutu da guba, gaggafa kuma ta ci gawarsu ita ma ta kamu. Ana amfani da na ƙarfe ko wasu da aka amince da su. Lura: harsashin dalma ɗaya da ya maƙale a aljihun riga tun wata fita ya isa ya zama laifi, ko ba ka sa shi a bindiga ba. Ka zazzage aljihu da jaka a gida.

Ga barewa, shawarata ita ce ka fara da harsashin jan ƙarfe tun ranar farko. Wasu gandun sun wajabta shi, kuma ko inda ba a wajabta ba, dalma tana tarwatsewa ƙanana-ƙanana a cikin naman da 'ya'yanka za su ci, da kayan cikin da gaggafa za ta sauka a kai bayan ka tafi.

A lokacin farautar bindiga dole a sa sutura mai launin lemo mai ƙyalli, ko ruwan hoda mai ƙyalli, wanda Maryland ta amince da shi: hula, ko falmaran mai faɗin aƙalla inci 250 murabba'i gaba da baya. Gandun na iya neman fiye da haka, don haka sa duka biyun ka huta. Barewa ba ta bambance wannan launi yadda mutum ke yi; motsi da wari ne ke tona ka.

Mai hawa bishiya ya sa ɗamarar da ke riƙe jiki gaba ɗaya, ya ɗaure kansa tun daga ƙasa har ya sauko. Faɗowa daga bishiya na cikin manyan abubuwan da ke raunata mafarautan barewa a Amurka. Makami kuma ba a hawa da shi a hannu. A cire harsashi, a jawo shi da igiya bayan an zauna.

Mataki na shida: duba wuri da sanin iyaka

Je ka a ranar da aka ware, da rana tsaka, ka taka wurin da ƙafarka. Allon iyakar gandun fari ne mai hoton dinya shuɗiya tana tashi. Akwai allon da ke cewa daga nan an rufe, akwai mai nuna yankin farauta, akwai mai nuna inda ba a harbi. Amma allo na iya faɗuwa, kuma rashinsa ba hujja ba ce. Taswira ce ke hukunci. Sauke ta a manhajar da ke nuna inda kake ko babu sabis.

Gandun yana cuɗe da gonaki da filayen mutane. A Maryland, zanen shuɗin fenti a tsaye a jikin bishiyoyi yana nufin fili mai shi ne, ba a shiga. Farauta a filin wani sai da izininsa a rubuce. Idan dabbar da ka harba ta tsallaka can, ko ta shiga yankin da aka rufe, ba ka da ikon bin ta kai tsaye: kira mai filin, ko jami'in gandun. Ajiye lambobinsu tun a gida. Haka kuma ba a harba bindiga a ƙasa da yadi 150 daga gidan da mutane ke ciki sai da yardarsu.

Yawancin masu zuwa Blackwater barewar sika suke nema. Asalinta daga Japan ne; an saki 'yan kaɗan a tsibirin James a 1916, suka yi iyo suka bazu a fadamun gundumar Dorchester, inda gandun yake. Ƙarama ce, namiji kan kai kilo 40, mace kilo 30 da ɗoriya, launinta duhu, tana son cikin kyauro mai kauri da ruwa, kuma ta fi fita da dare. A watan Oktoba mazan kan yi wani kuka mai kama da fito wanda ake ji daga nesa. Nan ne lokacin da ya fi dacewa a gano inda suke. Nemi sawu a gaɓar da fadama ta haɗu da daji, da 'yan tsibiran bishiyoyi a tsakiyar ciyawa. Akwai kuma barewa mai farar wutsiya, kuma adadin da aka yarda a harba na kowacce daban ne, don haka sai ka tabbatar wacce ce a gabanka kafin ka saki.

Mataki na bakwai: ruwa

Wannan ne ya raba gandun gaɓar teku da na tudu, kuma wanda ya taso nesa da teku yana bukatar ya koye shi daga tushe. Ruwa yana cika ya janye sau biyu a yini, kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kowace rana. Hukumar NOAA, mai kula da yanayi da teku a Amurka, tana wallafa jadawalin kyauta. To amma a Chesapeake iska takan fi jadawalin ƙarfi. Iskar arewa maso yamma mai ƙarfi tana tura ruwa waje, ka dawo ka tarar da kwalekwalenka zaune a kan laka, mashigar da ka bi da asuba ta zama taɓo. Iskar kudu tana tara ruwa, ya haye hanyoyin kudancin Dorchester, motar da ka ajiye a busasshen wuri ka same ta cikin ruwan gishiri. Saboda haka a duba abu biyu a daren tafiya: jadawalin ruwa da hasashen iska. Kuma ba a tuƙa mota cikin ruwan da ya rufe hanya, don ramukan gefen hanyar masu zurfi ne kuma ba a ganinsu.

Ƙasar kanta tana nutsewa. Tun daga shekarun 1930 Blackwater ta rasa fiye da eka 5,000 na fadama, sun koma buɗaɗɗen ruwa, saboda hauhawar teku, zaizaya, da ɓarnar wani ɓeran ruwa da aka shigo da shi daga Kudancin Amurka, wanda sai a 2022 aka sanar an gama da shi a yankin. Za ka ga dazuzzukan matattun bishiyoyi tsaye fari fat, gishiri ya kashe su. Amfanin sanin wannan ga mafarauci shi ne, tsohon hoton tauraron ɗan'adam na iya nuna tudu a inda yau ruwa ne, kuma matacciyar bishiya ba abin hawa ba ce.

Lakar fadama tana iya haɗiye ƙafa har cinya. Riƙe sanda kana gwada gabanka, ka taka kan tushen ciyawa, ka sa wandon roba mai kaiwa ƙirji tare da bel a ɗaure tam, don in ka faɗi kada ya cika da ruwa. A kwalekwale doka ta ce kowane mutum da rigarsa ta hana nutsewa. Ni a ganina a jiki ya kamata ta kasance, ba a ƙarƙashin kujera ba, domin ruwan Disamba yana kashe ƙarfin hannu cikin 'yan mintoci. Wanda aka haifa daga 1 ga Yuli 1972 zuwa yau yana bukatar shaidar kwas ɗin tuƙi kafin ya ja jirgi mai inji a Maryland. Ba a harbin tsuntsu daga jirgin da injinsa ke aiki, sai an kashe shi jirgin ya tsaya. Kafin ka fita, faɗa wa wani a gida yankin da za ka, inda za ka ajiye mota, da lokacin da in bai ji ka ba zai kira agaji.

A Satumba da Oktoba sauro da kaska ne masu gari. Kaska tana ɗauke da cutar Lyme, kuma akwai wata mai farin ɗigo a baya da cizonta ke iya sa jikin mutum ya daina karɓar jan nama. A fesa wa tufafi maganin permethrin kwana ɗaya kafin tafiya, a kuma duba jiki da kyau bayan dawowa.

Mataki na takwas: ranar farauta

Ɗauki lasisi, izinin gandun, kan sarki da katin shaida mai hoto. A mota, bindiga babu harsashi, cikin gidanta. Ajiye mota inda aka nuna kawai, kada ka tare ƙofa. In ka tarar wani ya riga ka wurin da ka zaɓa, yi masa sallama a hankali ka nufi wani wuri. Shi ya sa ake duba wuri biyu ko uku.

Lokacin harbin tsuntsaye masu ƙaura daga rabin awa kafin fitowar rana ne zuwa faɗuwarta. Na barewa yana ƙara rabin awa bayan faɗuwar rana. Da agogo ake aiki, ba da hasken gari ba. Ka tsara sallar Asuba yadda ba za ta ci karo da shiga ba. A hunturu akwai tazara mai kyau tsakanin ketowar alfijir da lokacin harbi.

Agwagi shida ne iyaka a yini a wannan yanki, amma a cikin shidan kowane jinsi da nasa ƙaramin adadi, kuma yana sauyawa daga shekara zuwa shekara. Wannan na nufin sai ka iya gane tsuntsu yana cikin tashi. Wanda ba ka gane ba, ƙyale shi. Kowa kuma adadinsa nasa ne: ba a harba wa aboki don a cika nasa. Duk abin da ka harba dole ka yi iya ƙoƙarinka ka ɗauko shi, kuma yana cikin lissafinka.

Idan jami'i ya zo, na tarayya ko ɗan sandan albarkatun ƙasa na jiha, juya bakin bindiga gefe, ajiye ta, hannuwanka a bayyane, ka bi abin da ya ce. Yana da ikon duba takardu, makami, harsashi da abin da ka harba. Karya dokar gandun da gangan na iya kai mutum ɗaurin shekara guda. Laifin da ya shafi tsuntsaye masu ƙaura na iya kai tarar dala 15,000 da wata shida. Jihohi kuma suna da yarjejeniya a tsakaninsu, wanda aka dakatar da lasisinsa a ɗaya ya rasa shi a sauran.

Mataki na tara: bayan harbi

Ga Musulmi, bisimilla ana yin ta ne lokacin sakin kibiya ko harsashi. Idan ka iske dabbar da sauran rai, sai ka yanka ta. Kusanci namijin sika ta baya, ka kula da ƙahonsa. In har yana yunƙurin tashi, ƙara masa harbi ya fi kokawa da shi.

Fadama tana kawo mas'alar da ba kasafai ake haɗuwa da ita a tudu ba. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cin abin farautar da aka iske ya faɗa ruwa ya mutu, don ba a san ko ruwan ne ya kashe shi ko kibiyar ba. Malamai sun yi bayani cewa idan harbin ya riga ya sami makasa ta yadda dabbar ba za ta rayu ba, faɗawa ruwa ba ta haramta ta. Tunda agwagwa kusan kullum a ruwa take faɗuwa, sika kuma ruwa take nufa in an raunata ta, zauna da malaminka ka fahimci wannan babi kafin ka fita. A aikace, darasin ɗaya ne da na doka: harbi daga kusa, a wurin da ke kashewa nan take, a kuma ɗauko da sauri.

Wajen gyaran agwagwa, doka ta ce kai ko fiffike ɗaya mai cikakken gashi ya zauna a jikinta har ka isa gida, don jami'i ya gane jinsinta. Yanka ba ya hana wannan. Kada dai ka fige ta tas a bakin ruwa. In za ka bar tsuntsayenka a hannun wani, sai ka maƙala musu takarda mai sunanka, adireshi, adadi, jinsi, kwanan wata da sa hannu.

Barewa kuwa, cike takardar shaidar dabbar da ka harba kafin ka motsa ta daga inda ta faɗi, sannan ka yi rajistarta ta waya ko intanet cikin awa 24, a ba ka lambar tabbatarwa. Kana iya cire kayan ciki nan take, kuma ya kamata, amma cire kai, feɗewa ko daddatsawa sai lambar ta shigo hannu. Jan gawa a laka aiki ne mai karya ƙarfi. Faffaɗan kwanon roba da ake ja da igiya yana sauƙaƙa shi, a busasshen wuri kuma amalanke. A farkon kaka akwai zafi, don haka zo da ƙanƙara a mota.

Naman na gidanka ne da na kyauta. Yi kilishi, yi dambu, yi balangu, raba wa maƙwabta, amma sayar da shi laifi ne, ko ɗanye ko gasasshe, ko a shago ko a zauren WhatsApp na 'yan gari. Wanda ya samu fiye da bukatarsa, akwai ƙungiyar Farmers and Hunters Feeding the Hungry da ta faro daga Maryland, wadda ke karɓar barewa ta hannun mahauta a raba wa mabukata.

Mai tsallaka jiha ya duba dokar inda za shi. New York ta hana shigo da gawar barewa sukutum daga ko'ina a wajen jihar, saboda wata cutar ƙwaƙwalwa da ke yaɗuwa tsakanin barewa. Sai an zare ƙashi an kawo tsoka. Dokar Lacey ta 1900 ta mayar da ketare iyakar jiha da naman da aka samu ba bisa ƙa'ida ba laifin tarayya. Bindigar ma haka: birnin New York yana neman izini na musamman ko ga shotgan, birnin Washington yana neman rajista, don haka mazaunin unguwar Bronx a New York ko na babban birnin ya kammala waɗannan takardu kafin ya sayi makamin, kuma a hanya ya riƙe ta babu harsashi, a kulle, a bayan mota.